Yadda Ake Gane Lalacewar Sondin Oksijin a Tsohuwar Mota da Yadda Ake Canza Shi

Yawancin motocin esansi da ke yawo a titunan Yamai, tun daga Starlet da Corolla na ƴan tasi har zuwa Camry da RAV4 na ma'aikata, sun riga sun sha tafiya a Turai ko Amurka kafin a sauke su a tashar jiragen ruwa ta Kotonu ko ta Lome. A jikin bututun hayaƙin kusan kowace ɗaya daga cikinsu akwai wata ƙaramar na'ura mai kama da buji, da waya a bayanta, wadda makanikai suke kira sondi lamda. Aikinta shi ne auna yawan iskar oksijin da ta rage a cikin hayaƙi, sannan ta aika wa ƙwaƙwalwar mota da labari. Idan oksijin ya yi yawa, ƙwaƙwalwar ta san mai ya yi kaɗan, sai ta ƙara. Idan ya yi ƙaranci, ta san mai ya yi yawa, sai ta rage, kamar dai mai girki da ke ɗanɗana miya tana daidaita gishiri. Abin da ake nema shi ne kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na esansi a ma'aunin nauyi, domin a nan ne mai yake ƙonewa sosai. Kamfanin Bosch na Jamus ne ya ƙera na'urar, kuma motocin Volvo ne suka fara fita da ita a 1976.

Ba kowace tsohuwar mota ce take da sondi ba. Peugeot 504 mai kabireta ba ta da shi, haka ma tsofaffin Hilux da Land Cruiser masu shan gazuwal. Wannan bayani ya shafi motocin esansi masu injekta ne.

Sondi yana tsufa, kuma ba ya mutuwa rana ɗaya. Na farko-farko masu waya ɗaya ko biyu sukan fara gajiya tsakanin kilomita 50,000 da 80,000, na baya masu waya huɗu kuma sukan kai wajen kilomita 160,000. Idan ya fara gajiya, abin da mai mota yake fara lura da shi shi ne shan mai: tankin da yake kai shi ƙarshen mako sai ya ƙare tun ranar Alhamis. Daga nan sai warin ɗanyen esansi a hayaƙi, baƙin tozali a bakin salansa, inji yana rawa a ralanti, wani lokaci kuma mota ta riƙa jinkiri idan an taka totur. Fitilar inji mai launin ruwan goro takan kama a tablo, sai dai ba a dogara da ita kaɗai, domin akwai motocin da aka cire musu ƙwan fitilar ko aka liƙe ta da baƙin salatif kafin a sayar. Gwajin wannan ba shi da wuya: ka murɗa makulli ba tare da ka tayar da inji ba. Fitilar ya kamata ta kama tare da sauran, sannan ta mutu bayan inji ya tashi. In ba ta kama ba ko kaɗan, to an taɓa ta ko ƙwanta ya ƙone.

Duk waɗannan alamomi kuwa, buji da ya cinye yana kawo su, filtar iska da ƙurar hunturu ta toshe tana kawo su, injekta mai ɗiga ma yana kawo su. Saboda haka mafi yawan aikin yana wajen bincike ne. Canza sondin shi kansa ba ya cin sa'a guda idan haƙoransa, wato zaren ƙarfen da ake murɗa shi da su cikin bututu, ba su kafe ba.

Karanta lambar matsala

Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996, da motocin esansi na Turai daga 2001, suna da soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin tablo, kusa da sitiyari, inda ake haɗa na'urar binciken mota. Garaji da yawa a Yamai suna da irin wannan na'ura, kuma akwai ƙananan da ake haɗawa da wayar hannu. Lambobin da suka fara daga P0130 zuwa P0135 duk suna magana ne a kan sondin farko, wanda yake gaban katalizar (tukunyar da ke tace gubar hayaƙi a jikin bututun hayaƙi), kusa da inji. P0131 na nufin wutar da yake bayarwa ta tsaya a ƙasa, P0132 ta tsaya a sama, P0133 yana amsawa da jinkiri, P0134 ba ya motsi ko kaɗan, P0135 kuma matsala ce a hanyar wayar da ke ɗumama shi. Daga P0136 zuwa P0141 na sondi na biyu ne, wanda yake bayan katalizar. Inji mai silinda huɗu a jere gefe ɗaya gare shi, amma V6 irin na wasu Camry da Highlander yana da gefe biyu, kuma zai iya ɗaukar sondi har huɗu. Gefen da silinda ta ɗaya take shi ne gefe na ɗaya, kuma lambobin P0150 zuwa P0155 na sondin farko ne a ɗaya gefen. Wanda bai kula da wannan ba yana iya cire lafiyayye ya bar marar lafiya a wurinsa.

Tsofaffin Toyota na shekarun 1990, irin su Starlet da Carina E, ba su buƙatar na'ura. A cikin ɗakin inji akwai ƙaramin akwatin roba mai murfi na bincike, kuma a bayan murfin an rubuta sunayen ramukan. Ka haɗa ramin TE1 da na E1 da guntuwar waya, ka murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba, sannan ka ƙirga ƙiftawar fitilar inji. Ƙiftawa biyu, ɗan tsayawa, sannan ƙiftawa ɗaya, lamba 21 ke nan, wato hanyar sondi. Lamba 25 tana nufin mai ya yi kaɗan, 26 kuma ya yi yawa. Idan fitilar tana ƙiftawa a kai a kai ba tsayawa, babu lambar da aka ajiye.

A nan ne gizo yake saƙa. Lambar ba ta ce sondi ya mutu ba. Ta ce labarin da yake zuwa ta wannan hanya bai yi daidai ba. Yana yiwuwa sondin ne yake ƙarya, yana kuma yiwuwa gaskiya yake faɗa game da wata cuta da ke wani wuri. P0171, wadda ke nufin mai ya yi kaɗan, sau da yawa daga tsagaggen tiyon iska take, ko famfon mai da ya raunana, ko datti a na'urar auna iskar da ke shiga inji. Huji a bututun hayaƙi kafin sondi, ko gasket da ya ƙone a mahaɗar bututan da ke jikin inji, yana tsotso iskar waje, sai sondi ya ga oksijin da yawa, ƙwaƙwalwa kuma ta yi ta zuba mai. Buji da ba ya ba da wuta ma haka yake yi, domin iskar da ba ta ƙone ba tana wucewa ta kan sondi. Akwai kuma al'adar cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin ruwan inji, da wasu makanikai suke yi da sunan maganin zafin ƙasarmu: injin da ba ya kai zafinsa da wuri, musamman da safiyar sanyin Disamba da Janairu, yakan daɗe yana shan mai da yawa kafin ƙwaƙwalwa ta fara aiki da abin da sondi yake faɗa.

P0420 ta cancanci a tsaya a kanta. Wannan lamba ta katalizar ce, ba ta sondi ba. Motoci da yawa suna isowa hannun mai su an riga an fasa katalizar an kwashe abin da ke ciki, saboda ƙarafa masu tsada da yake ɗauke da su, wato filatinam da faladiyam da rodiyam. A irin wannan mota, ko sondi goma aka saya, lambar za ta dawo. Ka ƙwanƙwasa tukunyar katalizar da ƙotar sukurdireba bayan ta huce. Wadda aka kwashe takan yi ƙarar gwangwani.

Gwaji kafin a kashe kuɗi

Ka fara da ido da hannu, inji a kashe. Ka bi wayar sondi tun daga jikinsa har zuwa soket, ka duba ko ta taɓa bututu ta narke, ko ɓera ya ci ta, ko wani ya taɓa yanke ta ya naɗe da salatif. Ka buɗe soket ɗin ka duba ko ya yi tsatsa ko kore, abin da yakan faru ga motar da ta sha ratsa ruwan da ke kwanciya a unguwanni lokacin damina. Ka duba fiyus ɗin da ke ba wa wayar ɗumamawa wuta, domin ƙonewar fiyus kaɗai tana iya kawo P0135 ko P0141.

Sai gwajin wayar ɗumamawa. Sondi ba ya aiki sai bakinsa ya kai zafin digiri 300 zuwa 350, shi ya sa masu waya uku da huɗu suke da abin ɗumama kansu a ciki. A sondi mai waya huɗu, biyu masu launi ɗaya su ne na ɗumamawa: a na Bosch farare ne, baƙa ce take ɗaukar labari, mai ruwan toka kuma ta ƙasa, a yawancin na Denso da ke jikin Toyota baƙaƙe biyu ne na ɗumamawa, shuɗiya ta labari, fara ta ƙasa. Ka cire soket, ka sa mitar auna lantarki a ma'aunin om, ka ɗora a kan wayoyin biyu masu launi ɗaya yayin da sondin yake da sanyi. A Toyota da yawa na wancan zamani ana samun om 11 zuwa 16, wasu nau'o'in kuma ƙasa da haka. Idan mita ta nuna hanyar a yanke take, sondin ya ƙone, babu sauran gardama. Idan lafiya take, ka juya ga soket ɗin ɓangaren mota ka tabbatar wutar batir, wajen volt 12, tana isowa idan an kunna. Kada ka sa ma'aunin om a kan wayar labari.

Gwaji na ƙarshe ana yin sa ne inji yana aiki, a fili inda iska take kaɗawa, ba a cikin rufaffen garaji ba, domin hayaƙin mota yana kisa ba tare da mutum ya ankara ba. Ka bari inji ya yi zafi sosai, har fanka ta kama ta tsaya. Ka sa wani ya riƙe totur a kan juyi 2,500 a minti, kai kuma ka kalli wutar sondin farko a na'urar bincike, ko ka zura siririn tsinken mita ta bayan soket a kan wayar labari ba tare da ka huda robar waya ba. Lafiyayyen sondi yana hawa da sauka tsakanin volt 0.1 da 0.9 ba hutawa, yana ratsa 0.45 aƙalla sau takwas a cikin daƙiƙa goma. Idan ya tsaya cak a wajen 0.45, ko yana tafiya a hankali tsakanin 0.3 da 0.6 kawai, ya gaji.

Idan kuwa ya tsaya a ƙasa ko a sama, kada ka yanke hukunci tukuna, sai ka tsokane shi. Ka taka totur da ƙarfi sau ɗaya ka saki: ya kamata wutar ta yi tsalle zuwa 0.8 ko 0.9, sannan ta faɗo. Ka zare ƙaramin tiyon iska ɗaya daga mashigar inji: ya kamata ta sauka ƙasa da 0.2 nan take. Sondin da ya amsa waɗannan biyun da sauri lafiyarsa ƙalau, kuma cutar tana wajen mai ko iska ko wuta. Wanda bai motsa ba, alhali wayoyinsa lafiya, shi ne na canzawa. Sondi na biyu ba a auna shi da wannan ma'auni, domin idan katalizar tana aiki yakan zauna kusan wuri ɗaya, galibi sama da 0.45, in ka ga yana hawa da sauka kamar na farko, katalizar ce ta tafi.

Akwai wani nau'i da yake ruɗa mutane. Toyota da yawa daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa gaba suna da sondin farko na daban, mai auna adadin iska da mai kai tsaye. Shi ba ya hawa da sauka. A na'urar bincike yakan zauna a wajen volt 3.3, ya sauka idan mai ya yi yawa, ya hau idan ya yi kaɗan. A ido kamanninsu ɗaya da na gargajiya, haƙoransu ɗaya, amma ba sa maye gurbin juna, kuma ba a gwada shi da mita irin yadda aka bayyana a sama.

Sayen sabo da ɗaura shi

Ka je kasuwa da lambar da ke rubuce a jikin tsohon sondi da kuma lambar shasin mota, kada ka tsaya ga sunan motar kawai, domin Corolla ta Turai da ta Amurka na shekara ɗaya suna iya bambanta. Bosch da Denso da NTK su ne manyan masu ƙerawa, kuma ga Toyota na fi ganin dacewar a tsaya ga Denso, wanda yawanci shi ne na asali. Jabu suna da yawa a cikin kwalaye masu kyau. Ka duba ko rubutun jikin ƙarfen ya fito sarai, ka kwatanta soket da tsawon waya da na tsohon. Na hannu da ake cirowa daga motocin da aka wargaza yana da arha, sai dai ba wanda ya san kilomitar da ya yi. In dole ce ta sa, a gwada omonsa a gaban mai sayarwa, a kuma yi sharaɗin mayarwa. Akwai kuma wanda yake zuwa ba soket, wanda ake haɗawa da tsohuwar waya. Irin wannan ana matse mahaɗinsa ne da abin da ya zo da shi a kwali, ba a yi masa dalma, domin wasu sondin ta cikin wayar suke shaƙar iskar waje da suke kwatanta hayaƙi da ita.

Kayan aikin ba su da yawa: kile mai lamba 22, ko mafi kyau soket na kwance noti na musamman mai tsaga a gefe inda waya take fita, da man sassauta tsatsa, da burushin ƙarfe, da safar hannu mai kauri. Idan sai an shiga ƙarƙashin mota, a yi amfani da ramin garaji ko a ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe a ƙasa mai ƙarfi. Jak shi kaɗai a kan yashi ba abin amincewa ba ne, haka ma tubalin siminti.

Ka fesa man tsatsa a gindin sondi tun da daddare idan da hali. Da safe ka tayar da inji na minti biyu ko uku don bututun ya ɗan yi ɗumi, ba zafin ƙuna ba, sannan ka kashe ka cire makulli. Ka fara cire soket, ka saki wayar daga maƙalanta, don kada ta murɗe yayin kwancewa. Ka zaunar da kile sosai a kan kusurwoyi shida na sondin, ka ja zuwa hagu da ƙarfi mai ɗorewa, ba fizga ba. Idan ya motsa kaɗan ya sake kafewa, kada ka tilasta shi: ka mayar da shi baya kaɗan, ka ƙara fesa mai, ka jira, ka sake ja, kana yi gaba da baya har ya saki. Mai gaggawa a wannan mataki yakan fito da sondin tare da haƙoran ramin, daga nan kuma aikin ya koma wajen mai walda. In ka riga ka tabbatar tsohon ya mutu, kana iya yanke wayarsa ka zura kile mai zobe ko dogon soket na 22, wanda ya fi riƙo. Sondin da ya ƙi duk wannan sai an gasa kewayen ramin da wuta, kuma wannan aiki ne na gwani, nesa da tiyon mai.

Kafin ka jefar da tsohon, ka dubi bakinsa. Baƙin tozali mai laushi yana nuna mai yana yawa. Farin gari kamar alli yakan fito ne daga silikon, wato gam ɗin da ake shafawa a madadin gasket idan ba irin wanda ya dace da sondi ba ne. Ɓawo mai fari-fari ko kore-kore yana nuna ruwan radiyata yana shiga silinda, mai duhu da maiƙo kuma yana nuna inji yana ƙona baƙin mai. Dalmar cikin esansi ita ce babbar mai kashe sondi a da, amma ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina sayar da irin wannan mai tun farkon 2006. Abin da ya rage shi ne a yi hattara da man kwalba na bakin hanya da ba a san abin da aka gauraya masa ba. Idan ka ga alamar ruwa ko baƙin mai, ka gyara inji tukuna, in ba haka ba sabon ma ba zai daɗe ba. Wanke tsohon da esansi ko goge shi da burushi ba ya dawo da shi, domin abin da ya lalace yana can cikin tangaran ɗin da ke ƙarƙashin murfin ƙarfe.

Ka share haƙoran ramin da burushi. Girmansu M18 ne mai tazarar 1.5, kuma idan sun ɗan lanƙwashe akwai abin gyara haƙori na wannan girma. Yawancin sababbin sondi suna zuwa da man hana kafewa a haƙoransu. In babu, ka shafa kaɗan a haƙoran kawai, kada ko ɗigo ya taɓa bakin. Ka fara ɗaurawa da yatsu, wayar a sake tana juyawa tare da shi, har ya shiga zagaye uku ko huɗu ba tare da turjiya ba. In ya kafe tun zagayen farko, ya hau a karkace, sai ka fitar ka sake. Sannan ka ƙarasa da kile zuwa wajen niyuton-mita 40 zuwa 45, wato ɗauri mai kyau da hannu ɗaya, ba tare da ƙara bututu a ƙotar kile ba. Ka mayar da wayar ta hanyar da tsohuwar ta bi, cikin maƙalanta, nesa da bututun hayaƙi da duk abin da ke juyawa, ka danna soket har ka ji ya kama.

Ka goge lambar da na'urar bincike. Cire kan batir ma yana gogewa a tsofaffin motoci, sai dai yana iya kulle rediyo, kuma ralanti yakan ɗan rikice har ƙwaƙwalwa ta sake sabawa. Ka tayar da inji, ka saurara ko akwai hucin hayaƙi a gindin sondi, ka sake duba hawa da saukar wutar bayan ya yi zafi. A na'urar bincike akwai adadin gyaran mai da ƙwaƙwalwa take yi. Idan yana cikin kashi 10 cikin ɗari sama ko ƙasa, al'amura sun daidaita. Lambobi da yawa ba sa kunna fitila sai matsalar ta maimaitu a tafiya biyu a jere, saboda haka rashin ganin fitila a ranar farko ba hujja ba ce. Ka ba motar kwana biyu ko uku tana aiki cikin gari da kan babbar hanya. Don sanin ko shan mai ya ragu, ka cika tanki har famfo ya tsaya, ka rubuta kilomita, ka yi tafiyar da ka saba, misali Yamai zuwa Dosso da dawowa, wajen kilomita 280, sannan ka sake cikawa a famfo ɗaya. Litar da ta shiga, ka raba ta da kilomitar da ka yi, ka ninka da 100, ka kwatanta da abin da motar take sha kafin gyara.